Hedfon uku don kiɗa iri uku? Dakata tukuna, ƙanena

Assalamu alaikum Yaya. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekarata 34, ina da mata da 'ya ɗaya 'yar wata takwas. Ba na zaman majalisa, ba na kallon ƙwallo, abin da ke ɗebe mini kewa shi ne sauraron kiɗa da daddare bayan kowa ya kwanta. Ina jin tsofaffin waƙoƙin kalangu da na kotso waɗanda na gada a kaset daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, na sa aka juye mini su a waya. Ina jin amapiano, ina jin waƙoƙin Indiya na da, wani lokaci kuma kiɗan fiyano da goge irin na Turawa idan ina aikin ofis a gida. Shekara biyu ina tara kuɗi don in sayi hedfon na gaske. Na karanta cewa kowane irin kiɗa da hedfon ɗin da ya dace da shi, sai na zaɓi uku: Sennheiser HD 800 S don kiɗan Turawa, Audeze LCD-X don amapiano, da Sony WH-1000XM5 don sauran. Wana da ke Jamus zai zo gida nan da mako uku, shi zai taho mini da su. Da uwargida ta ji jimillar kuɗin sai ta tambaye ni ko kunnuwa shida gare ni, tun ranar kuma ba ta sake mini fuska ba. Dama tana ƙorafin cewa idan na toshe kunne ko 'yar ta yi kuka ba na ji. Ni kuma ina tsoron in sayi ɗaya in yi da-na-sani. Yaya zan yi? Daga ƙaninka a Kaduna.

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya raya mana 'yar bisa tafarkin alheri.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na yi dariya a wuri ɗaya, wurin kunnuwa shida. Ka gaishe mini da uwargida, ka gaya mata ina bayanta a wannan karon. Kada ka sayi ukun nan. Kuma ko da ita da kanta ta ce ka saya, ko da kuɗin a hanya ka tsince su, zan ce maka kada ka saya, domin biyu daga cikin ukun ba su dace da gidanka da irin waƙoƙin da ke cikin wayarka ba.

Maganar da ka karanta ba ƙarya ce zalla ba. Kunnen ɗan Adam, tun yana yaro lafiyayye, yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Can ƙasa akwai kauri, inda babbar ganga da bes suke, irin wanda kake ji a ƙirji idan motar biki ta wuce. A tsakiya akwai muryar mutum, da kalangu, da goge, da gurmi, da kusan duk abin da ke ɗauke da ma'anar waƙa. Can sama akwai kaifi, wato ƙarar caki da kacau-kacau, da shishitar "sa" da "sha" da "tsa" a bakin mawaƙi. Babu hedfon ɗin da ke fito da ukun daidai wa daida. Kowanne yana da ɓangaren da ya karkata. Wani ya cika kauri, wani ya cika kaifi, wani ya turo murya gaba. Daga nan aka samo zancen cewa wannan na kiɗa kaza ne, wancan na kiɗa kaza. Amma sau da yawa abin da ake nufi da "wannan ya dace da kiɗa kaza" shi ne yana da aibin da wannan kiɗan ba ya tona shi. Masu sayarwa kuwa ba za su gyara maka fahimta ba, tunda mai sayen uku ya fi mai sayen ɗaya daɗin ciniki.

Akwai wani masani, Sean Olive, da ya shafe shekaru yana gwaji a kamfanin Harman na Amurka, kamfanin da Samsung ya saye a 2017. Sukan zaunar da mutane su saurari sauti iri-iri ba tare da sun san sunan abin da suke ji ko kuɗinsa ba. Abin da suka gano shi ne kusan kashi biyu cikin uku na mutane tsari ɗaya suke so: murya a sarari, kauri da ɗan ƙari, kaifi ba mai soka kunne ba. Ragowar kuwa wasu na son ƙarin kauri, wasu na son a rage shi. A 2017 ma an wallafa wani bincike da ya auna hedfon 283, bai sami wata alaƙa ta kirki tsakanin tsadar hedfon da yadda yake daidaita sauti ba. Ba ina cewa mai araha da mai tsada duk ɗaya ba ne, a'a, akwai bambanci a ƙarko da daɗin sawa da tsabtar sauti. Ina cewa ne hedfon ɗin da ya faɗi gaskiya a kan murya zai faɗe ta a kan fiyano, kuma yawan kuɗi ba shi ne shaidar gaskiyar ba.

Kafin a zo ga irin kiɗa, akwai tambayar da ta riga ta, wadda ba ka yi wa kanka ba: a ina kake zama ka saurara? Hedfon manya iri biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗen baya, wanda bayan kofinsa raga ce, iska na shiga tana fita. Akwai mai rufaffen baya, kamar an kifa maka ƙoƙo a kunne. Mai buɗaɗɗen baya ya fi sakin sauti, sai ka ji kamar makaɗan suna zaune a tsakar gida kai kana gefe, ba a cikin kwanyarka suke ba. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: na kusa da kai zai ji abin da kake ji, kai ma za ka ji duk abin da ke faruwa a kusa. Idan maƙwabcinka na tayar da janareta ƙarfe tara na dare, ko fankar ɗakinka irin mai ƙugin nan ce, to duk ƙananan sautukan da ka biya kuɗi dominsu sun nutse. HD 800 S da LCD-X duka masu buɗaɗɗen baya ne. Mutanen da ke yabonsu a intanet yawanci suna zaune ne a ɗakunan da idan allura ta faɗi za a ji.

Sai dai a naka gidan, wannan zubar ruwan ita ce maganin rabin rigimarka. Zan dawo kanta.

Bari mu ɗauki waƙoƙin Baba tukuna, domin na lura su ka fara ambata, kuma na tabbata su ne ba za ka iya rabuwa da su ba. Yawancin irin waɗannan an ɗauke su ne da makirfo ɗaya ko biyu, sauti guda ba dama ba hagu, aka buga a faifai ko kaset, kaset ya sha zafi da ƙura shekara talatin, sannan aka juye a waya. Akwai "shhh" ɗin kaset a ƙarƙashin kowace waƙa. HD 800 S an ƙera shi ne don ya baje sauti ya nuna komai, kuma yana da kaifi a sama. Asalinsa ma, HD 800 na 2009, an daɗe ana ƙorafin tsininsa a wajen kaɗawa 6,000, shi ya sa aka fito da mai S ɗin don a ɗan lallashe shi. Ka ɗora masa kaset ɗin Baba, abin da zai fara miƙo maka shi ne shhh ɗin, fes, kamar ana soya ƙosai a bayan mawaƙin. Faɗin filin da ake yabonsa da shi kuwa ba shi da abin bajewa, tunda rikodin ɗin guda ne a dunƙule.

Wannan ba labari aka ba ni ba. Shekarun baya na sayi wani hedfon mai tsada, irin mai kaifin nan, don na ga ana ta koɗa shi. Na dawo gida ina rawar jiki, na yi wanka, na rufe ƙofa, na sa wata tsohuwar waƙar kotso da na haddace tun ina firamare. Kafin 'yan amshi su karɓa sau uku na cire shi. Muryar da na sani mai taushi ta koma kamar ana kankare tukunya da cokali. Wata biyu ina lallashin kaina cewa kunnena ne bai saba ba, daga baya na sayar da shi da faɗuwa, na yi shiru ban gaya wa kowa a gida nawa na yi asara ba.

Kishiyar wannan ma ɓarna ce. Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsirkiya a hammata yana sassautawa, sautin na hawa yana sauka yana bin karin harshe, har wanda ya iya ya ji kirarin da ake yi. Wannan hawa da saukar a tsakiya take, ba a can ƙasan kauri ba. Hedfon ɗin da aka cika wa bes yakan kumbura ƙasan har ya malalo ya rufe tsakiyar, sai kalangu ya zama dum-dum kawai, bakinsa ya mutu. Sony ɗin da ka zaɓa, yadda yake fitowa daga kwali, ya karkata wajen kauri. Ana iya rage masa ta manhajarsa, amma ba don wannan aikin aka yi shi ba. An yi shi ne don jirgin sama da mota da ofis mai hayaniya, inda yake kashe ƙugin inji, kuma a nan gwani ne.

Abin da kalangu da kotso da gurmi da muryar tsoho ke so shi ne hedfon mai gaskiya a tsakiya, mai sauƙin hali a sama. A nan sunan da zan ba ka tsoho ne, Sennheiser HD 600, wanda ya fito tun 1997 kuma har yau ana ƙera shi ana sayarwa, ko ɗan'uwansa HD 650 na 2003, wanda ya ɗan fi shi ɗumi da taushi. Abin da ya shekara kusan talatin a kasuwar da kullum ake fito da sabo bai zauna a banza ba. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na HD 800 S ba.

Waƙoƙin Indiya na da suna layi ɗaya da na Baba. Siririyar muryar mace can sama, tarin goge a bayanta, tabla, gangar Indiya, a ƙasa, rikodin na zamanin da ba a iya kama kauri sosai ba. Mai kaifi zai sa ka ciwon kai kafin waƙa ta uku. Haka ma waƙoƙinmu na nanaye na yanzu, idan uwargida na jin su: yawanci an gyara muryar da kwamfuta, an ɗaga ƙarar har wuya don ta fito a lasifikar waya da ta shago, saboda haka ba sa buƙatar abin da zai ƙara musu yaji.

Kiɗan Turawa na fiyano da goge shi ne wurin da HD 800 S ke da hujja, ban musa ba. Ƙungiyar makaɗa saba'in ko tamanin a babban zaure, wasu a dama wasu a hagu wasu can baya, sauti ya yi ƙasa kamar raɗa sannan ya tashi kamar hadari. Wannan na son fili, shi kuma yana da fili. Amma ka ce kana jin sa ne kana aikin ofis. Wanda hankalinsa ke kan lissafi ba ya lura da ko mai sarewa na zaune a layi na biyu ne ko na uku. HD 600 zai ba ka fiyano mai kama da fiyano, filin ne dai bai kai ba. Idan wata rana filin ya dame ka, AKG K702 na da faɗi a kuɗi kaɗan, sai dai kaurinsa siriri ne.

Saura amapiano, kuma a nan ne shawarata ke da rauni, gara in faɗa maka da bakina. Kiɗan nan da ya taso daga unguwannin Johannesburg da Pretoria a Afirka ta Kudu, ransa na cikin wannan gangar kwamfuta mai gurnani da ke gangarawa can ƙasa, ƙasa da kaɗawa 60. HD 600 na fara sanyi tun daga wajen 100 zuwa ƙasa. Za ka ji bugun, amma ba za ka ji gurnanin da ke girgiza haƙarƙari ba. LCD-X ɗin da ka zaɓa zai ba ka shi, domin irin ƙirarsa daban ce: maimakon ƙaramar lasifika mai zagaye, wani siririn falle ne shimfiɗe tsakanin maganaɗisu, kuma irin wannan ƙira na sauka har ƙasa ba ta gajiya. Matsalarsa nauyi. Ya haura giram 600, fiye da rabin kilo a kanka, alhali HD 600 giram 260 ne. Bayan awa ɗaya wuyanka zai fara yi maka magana. Kuma ka tuna shi ma rariya ne, gurnanin na son ɗaki shiru.

Hanya biyu ce mai sauƙi. Ta farko ba ta cin ko kwabo: ikwalaiza. Kusan kowace manhajar sauraron kiɗa na da wurin ɗaga kauri ko rage kaifi. Ka ɗaga ƙasan kaɗan idan za ka ji amapiano, ka mayar idan ka koma kan kotso. Ba za ta mayar da HD 600 ya zama LCD-X ba, amma za ta rage tazarar, kuma abin da mutane ke kashe dubban daloli suna nema ta hanyar tara hedfon, rabinsa wannan ɗan jan layin ne da yatsa. Ta biyu, idan ta farkon ba ta ƙosar da kai ba bayan wata uku ko huɗu, ka ƙara da ƙaramin mai rufaffen baya irin AKG K371, wanda aka daidaita shi bisa tsarin Harman ɗin da na ambata, kaurinsa na sauka ƙasa sosai, waya kuma na iya tuƙa shi ba tare da ƙarin komai ba. Shi ne kuma zai yi maka ranar da janareton maƙwabci ya hana ka sakat. Wasu za su ce maka Beyerdynamic DT 770 Pro, wanda ya cika sitidiyo-sitidiyo na duniya kuma ba ya mutuwa da wuri. Yana da kauri mai daɗi, amma yana da kaifin da kaset ɗin Baba ba zai ji daɗinsa ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka tsaya a kai, domin nan ne kuɗin mutane ke zubewa ba su sani ba. Hedfon ba ya ƙirƙiro abin da babu a cikin waƙar. Waƙar da aka tura maka ta WhatsApp, wanda ya turo ma turo masa aka yi, ko wadda masu tura waƙa a kasuwa suka loda maka a memori, yawanci an matse ta har ta rasa rabin jikinta. Faifan CD na ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, kilobit kuwa shi ne ma'aunin yawan bayanan sautin da ke cikin waƙa. MP3 mai kyau 320. Wanda ya fi yawo a wayoyinmu 128 ne ko ƙasa da haka, kuma duk lokacin da aka sake matse shi sai ya ƙara zubar da wani abu. A ƙaramin iyafis ba ka lura. A babban hedfon za ka ji kacau-kacau ya koma kamar ana wasa da ruwa a roba. Don haka kafin wanka ya taso, ka duba ainihin abin da ke wayarka. Amapiano da kiɗan Turawa ka nemo su daga manhajojin da ke ba da sauti mai inganci. Apple Music, misali, tun 2021 yake ba da wanda ba a rage masa komai ba. Kaset ɗin Baba kuwa, idan har suna nan, kada ka yar da su don an juye. Ka nemi wanda ke da rikoda mai lafiyayyen kai, a goge kan, a sake juye su a hankali ba tare da matsewa ba. Kuɗin da za ka kashe a wannan zai fi canza abin da kake ji fiye da bambancin da ke tsakanin hedfon na dala 300 da na dala 1,500. Kuma kaset na mutuwa a hankali, ba ya jiran kowa.

HD 600 na da sharaɗi ɗaya. Om 300 ne, wato yana da taurin tuƙi. Ka soka shi a waya kai tsaye zai yi magana, amma a sanyaye. Yana son ƙaramar ampilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Kada wannan ya firgita ka har ka shiga wani sabon ramin kashe kuɗi. Akwai 'yan ƙanana kamar ɗan yatsa da ake soka wa a ramin cajin waya, kamfanoni irin su FiiO da iFi na yin su, suna juya sautin su ƙara masa ƙarfi, ba ruwansu da wutar gida. Na fi so maka irin wannan a kan babba na kan tebur, domin a garuruwanmu abin da ke jingine da soket yana hutu duk lokacin da aka ɗauke wuta, kuma ranar da ta dawo da hauka yana iya tafiya gaba ɗaya. Dama wayoyi da yawa yanzu ba su da ramin iyafis, tun da Apple ya cire shi a iPhone 7 a 2016 wasu suka bi sahu, saboda haka ɗan abin nan kusan dole ne.

Mai Bluetooth kuwa ka san cewa batiri ne ransa. Bayan 'yan shekaru cajin zai fara gudu, kuma ba kowanne ake iya canza wa batiri cikin sauƙi ba. Mai igiya irin HD 600 komai nasa ana cirewa a sa sabo da hannu, igiyar, soson kunnen, soson kan. 'Yarka na iya gadonsa.

Soson kunnen ma abin dubawa ne, kuma masu rubutu daga ƙasashen sanyi ba sa kawo shi a ka. Na fatar roba, a zafin Maris da Afrilu, minti ashirin ya isa ka ji gumi na gangarowa ta bayan kunne, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya fara ɓarewa yana bar maka baƙin ɓurɓushi a wuyan riga. Na karammiski, irin na HD 600, yana shan iska, sai dai yana shan ƙura shi ma. Lokacin hunturu kada ka bar shi a fili. Ragar bayansa ƙofa ce ga ƙura. Ka samu jaka ko akwatinsa ka riƙa mayarwa. Ka ce wa wanka ya haɗo da soso na biyu tun daga can. Sabo yakan matse kai a makon farko, yana sakewa da kansa. Idan kana sa tabarau, ka san ƙafar tabarau na ɗaga soson mai rufaffen baya, kaurin ya tsere ta wurin. Mai buɗaɗɗen baya bai damu da wannan sosai ba. Hula kuwa sai dai a cire, ban taɓa ganin hedfon da ya yi sulhu da zanna-bukar ba.

Sayen abin ji ba tare da ka ji ba cinikin biri a sama ne, na sani. A wannan harka ji ne ya kori gani. Idan kana da aboki a gidan rediyo ko sitidiyo, ka je da waƙoƙi biyar da ka haddace, ɗaya daga kowane iri, ka gwada duk abin da suke da shi, ko ba irin wanda za ka saya ba ne, don ka gane ko kai mai son kauri ne ko mai gudun kaifi. Ka kula ƙarar ta zama ɗaya a kowanne, domin kunne na ɗaukar wanda ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, kuma 'yan kasuwa sun san haka. Sa'arka ɗaya, wanka a Jamus yake, ƙasar Sennheiser, inda samun na asali daga amintaccen shago ba wuya. Ka ce ya yi oda tun yanzu, ya buɗe ya gwada dama da hagu, tunda dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya saya ta intanet kwana 14 ya mayar. Ya riƙe rasit. Idan kuwa a nan gida wani ya nuna maka mai babban suna a rabin kuɗinsa, kwali na sheƙi, to kyan ɗan maciji ne.

Kada lambobin jikin kwali su ruɗe ka, irin su kaɗawa daga 5 zuwa 40,000. A shekara 34 da wuya kana jin abin da ya haura 16,000 ko 17,000, ni da na girme ka na daɗe da sallama da wannan unguwar. Lambar da ta shafe ka ita ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya: desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), awa 40 a mako, shi ne iyakar da babba zai saurara lafiya. Duk ƙarin desibel 3 na raba lokacin biyu. Hedfon mai kyau na da wata yaudara, sautinsa ba ya fashewa idan an ƙure, sai ka yi ta ƙarawa ba ka sani ba. Idan ka cire ka ji kunnenka na "wiii", ka wuce gona da iri, kuma abin da ya mutu a cikin kunne ba ya tsirowa.

To, mu dawo kan uwargida. Ka sake karanta wasiƙarka da kanka. Ƙorafinta biyu ne, kai kuma na kuɗin kaɗai ka riƙe. Na farkon shi ne 'yar wata takwas na kuka, ita ta gaji tun safe, mijinta na falo ido rufe yana gyaɗa kai, ta kira sau uku bai ji ba. A cikin haka ka zo mata da labarin za ka sayi na'urar da aikinta shi ne kashe duk wani sauti na waje. Ko ni ne ita, fuskar da za ka gani ke nan. Mai buɗaɗɗen baya, idan ba ka ƙure shi ba, za ka ji kukan 'yar, za ka ji sallama a ƙofa, za ka ji an kira sunanka daga ɗaki. Ka gaya mata wannan a fili, ka ce saboda haka ka zaɓe shi, tunda gaskiya ce. Sai dai a falo za ka riƙa sa shi, ba a gado kusa da mai barci ba, don zai zubo mata kiɗan a kunne.

Kuɗin kuma naka ne, guminka ne na shekara biyu, ba wanda zai ce ba ka da ikon more abin da ka tara, musamman kai da ba ka da wata hanyar ɓarnar. Amma ka zauna da ita ka faɗa mata ainihin kuɗin hedfon ɗaya da ɗan ampilifayarsa, kada ka rage ko sisi don neman zaman lafiya. Rasit na da ɗabi'ar fitowa daga aljihu ranar wanki. Abin da ya ragu, wanda zai fi abin da ka kashe yawa nesa ba kusa ba, ku yi shawarar inda za shi tare, ka cire na sake juye kaset ɗin Baba a ciki.

Ranar da kayan suka iso, kada ka fara da kanka. Ka tambaye ta waƙar da aka sa ranar kamunta, ko wadda take yi a ranta idan tana tuƙa tuwo, ka nemo mai kyau, ka karɓi 'yar, ka ɗora mata shi a kai. Idan ta ƙi cirewa, ka rubuto mini, sai mu yi maganar K371 ɗin da wuri.